Jagorar Gane Dabarun Mulkin Kama-Karya Tun Kafin Ya Kankama

Mai mulkin kama-karya na wannan zamani ba kasafai yake shigowa da tankar yaƙi da sanarwar asuba a gidan rediyo ba. Yawanci zaɓe yake ci, a rantsar da shi bisa kundin tsarin mulki, daga nan ya shiga sauya ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya har a wayi gari babu mai iya ce masa a'a. Ba ya ma buƙatar kowa ya yarda da shi. Ya ishe shi jama'a su tsorata, su kasa tantance gaskiya da ƙarya, kowa kuma ya zaci shi kaɗai abin ke damu. Matakan da ke tafe na ɗan jarida ne da malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati da duk mai son auna gwamnatinsa da ma'aunin da ba na zuciya ba, ko da kuwa jam'iyyarsa ce a kan mulki.

Mataki na 1: Buɗe kundin lura

Samu littafi ko ka buɗe fayil a waya, ka raba shafi gida biyar: kwanan wata, ƙa'idar da aka sauya, dalilin da aka bayar, wanda ya rasa ikon hanawa, da wanda ikon ya koma hannunsa. Jawabai da zage-zagen dandalin kamfen ba su da gurbi a nan. Abin da aka sa wa hannu kawai za ka rubuta: doka, naɗi, kora, soke lasisi, sauya iyakar mazaɓa.

Dalilin rubutun shi ne zuciyar ɗan Adam tana sabawa. Abin da ya tayar da hankalin gari bara, bana sai ya zama ruwan dare, a riƙa auna sabon mataki da na jiya maimakon a auna shi da yadda abubuwa suke tun farko. Da yayyafi kogi kan cika. Kundin ne zai riƙe maka asalin ma'aunin.

Wuraren da za ka fi sa wa ido su ne waɗanda aikinsu raba gardama ne: kotuna, hukumar zaɓe, kafofin yaɗa labarai, hukumomin binciken kuɗi da yaƙi da rashawa, da shugabancin jami'an tsaro. Dubi Hangari. A zaɓen 2010 jam'iyyar Fidesz ta Viktor Orbán ta samu kusan kashi 53 cikin 100 na ƙuri'u, wanda ya ba ta kujeru 263 daga cikin 386, wato sama da biyu bisa uku, adadin da ake buƙata a taɓa tsarin mulki. A 2011 aka zartar da sabon kundi, ya fara aiki a Janairun 2012. An ƙara alƙalan kotun tsarin mulki daga 11 zuwa 15. An rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, abin da ya sallami alƙalai sama da 200, yawancinsu manya, aka samu gurabun cikewa. An rage kujerun majalisa zuwa 199, aka sake shata mazaɓu. Da zaɓen 2014 ya zo, ƙuri'un jam'iyyar suka sauka zuwa kusan kashi 45, amma ta sake samun biyu bisa uku na kujeru.

Ɗauki kowane mataki shi kaɗai, za ka sami ƙasar dimokuraɗiyya da ta taɓa yin irinsa, kuma da wannan hujjar masu kare gwamnati suke rufe bakin mai ƙorafi. Saboda haka kada ka tsaya musu a kan mataki guda. Karanta gida na huɗu da na biyar daga sama zuwa ƙasa. Idan cikin shekara biyu ka ga sauyi uku ko fiye a hukumomi daban-daban, kuma duk iko ɓangare guda yake gangarawa, ka sami abin da kake nema. Hugo Chávez ya bi wannan hanya a Venezuela a 2004, lokacin da aka ƙara alƙalan kotun ƙoli daga 20 zuwa 32.

Ware shafi guda don shari'o'in rashawa: wa aka gurfanar, daga wace jam'iyya, kuma me ya faru da shari'ar bayan ya sauya sheƙa. Shari'ar da ke mutuwa ranar da mai ita ya karɓi katin jam'iyya mai mulki saƙo ce ga sauran 'yan siyasa, kuma suna karanta ta sarai.

Mataki na 2: Auna tsoron da ake sayar maka

Masana halayyar siyasa, irin su Karen Stenner, sun nuna cewa akwai mutane da dama masu son tsari da bai-ɗaya, waɗanda a lokacin kwanciyar hankali ba za ka bambanta su da kowa ba. Sai an sa sun ji cewa al'umma na wargajewa, shugabanni sun gaza, tarbiyya ta lalace, sannan suke neman mai ƙarfi da zai murƙushe masu saɓawa. Mai neman iko ya san wannan, shi ya sa ba ya barin wutar fargaba ta mutu.

Barazanar sau da yawa gaskiya ce, kuma nan masu suka suke yin kuskure idan suka ce ƙirƙira ce. Yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yulin 2016 a Turkiyya ya faru, mutane sama da 200 sun mutu. Abin dubawa shi ne girman martanin. An kafa dokar ta-ɓaci da ta kai har Yulin 2018, aka kori ma'aikatan gwamnati sama da 100,000 ta hanyar dokokin ta-ɓaci, ciki har da malaman makaranta da na jami'a da alƙalai. A cikin wannan yanayi ne aka yi ƙuri'ar raba gardama ta Afrilun 2017 wadda ta tattara iko a ofishin shugaban ƙasa, da rinjayen kusan kashi 51.

Duk dokar da aka kawo da sunan tsaro, nemi rubutaccen kwafinta ka yi mata tambaya huɗu. Shin tana da ranar ƙarewa? Wa ke da ikon sabunta ta, majalisa ko wanda ya kafa ta? Wanda aka kama a ƙarƙashinta zai iya zuwa kotu, kuma cikin kwana nawa? Laifin da ta ambata yana da iyaka, ko kuwa kalmomi ne masu talala irin "zubar da ƙimar ƙasa" da "tayar da hankalin jama'a", waɗanda za a iya rataya wa kowa? Dokar da ta gaza a biyu daga cikin huɗun, a rubuta ta a kundi da jan biro.

Mataki na 3: Saurari sunan da ake kiran abokin hamayya

Akwai tazara tsakanin a ce wa ɗan adawa "manufarka ba ta da kyau" da a ce masa maci amana, ɗan koren Turawa, ko annoba. Ta farko gardama ce. Ta biyu cire shi take yi daga cikin waɗanda suka cancanci kariyar doka. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai tun daga 1993, kafin kisan ƙare-dangin 1994. A Rasha, dokar 2012 ta tilasta wa ƙungiyoyin da ke karɓar tallafin waje kuma aka ce suna harkar siyasa su yi rajista a matsayin wakilan ƙasashen waje, daga baya aka faɗaɗa ta har ta kai ga kafofin labarai da ɗaiɗaikun mutane. A Hangari kuwa, an cika tituna da hoton attajiri George Soros a 2017 a matsayin mai kitsa shigo da baƙin haure.

Lura da abu biyu. Abokin gaban da ake nunawa kullum yana da ƙarfin da zai rusa ƙasa, amma kuma wulaƙantacce ne da bai kai a saurare shi ba. Sannan da'irar tana faɗaɗa: yau 'yan ta'adda, gobe masu kare su a kotu, jibi ɗan jaridar da ya yi hira da lauyan.

Mataki na 4: Bi sawun kuɗin kafofin yaɗa labarai

Tsohon salo ɗauri ne. Doka ta 4 ta 1984 a Najeriya ta kai 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. Sabon salo ya fi son ciniki, domin ɗaurarren ɗan jarida gwarzo yake zama, wanda aka saye gidansa kuwa sallamarsa kawai ake yi babu mai ji. A Afrilun 2001 kamfanin Gazprom ya karɓe tashar NTV ta Rasha da hujjar bashi. A Oktoban 2016 aka rufe Népszabadság, babbar jaridar da ke sukar gwamnatin Hangari, da hujjar asara. A ƙarshen 2018 masu kafofin labarai da ke ɗasawa da gwamnatin suka miƙa kafofi sama da 400 kyauta ga gidauniya guda, gwamnati kuma ta keɓe haɗakar daga binciken hukumar kula da gasar kasuwanci.

Peru ce ta bar mana lissafi a rubuce. Vladimiro Montesinos, wanda ke juya hukumar leƙen asiri a zamanin Shugaba Alberto Fujimori, yana karɓar rasit yana kuma ɗaukar bidiyon toshiyar da yake rabawa. Da masana tattalin arziki suka bi takardun, sai suka ga abin da yake bai wa mai gidan talabijin ya ninka na alƙali ko ɗan majalisa kusan sau 100. Shi da kansa ya nuna inda haɗarin yake. Kuma ta nan ɗin aka kayar da su: a Satumban 2000 wata ƙaramar tasha da bai saya ba, Canal N, ta nuna bidiyonsa yana miƙa wa wani ɗan majalisar adawa dala 15,000 don ya sauya sheƙa. Kafin ƙarshen Nuwamba Fujimori ya tsere Japan.

Ga aikin da za ka yi. Lissafa gidajen rediyo da talabijin da jaridun da jama'ar yankinka suka fi bi, kamar guda 10. A gaban kowanne rubuta mai shi, sauran kasuwancinsa, musamman kwangilar gwamnati, da yawan tallan gwamnati da kake ji a cikinsa. A shirye-shiryen siyasa da ake sayen fili, inda sojojin baka ke baje kolinsu, tambayi wa ya biya kuɗin filin. Sake duba jerin bayan wata shida.

Sai kuma abin da ake zubawa a cikin kafofin. Tun 1977 gwaji ya nuna cewa maganar da mutum ya sha ji takan fi yi masa kama da gaskiya, don kawai kunnensa ya saba da ita, kuma binciken baya ya nuna ilimi ba ya kare mutum gaba ɗaya daga wannan. Akwai kuma dabarar cika fili. Masanin kimiyyar siyasa Gary King da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2017 cewa gwamnatin Sin tana sa a rubuta saƙonni kusan miliyan 448 a shekara a kafofin sada zumunta da sunan talakawa. Abin mamaki, yawancinsu ba musu suke yi da masu suka ba. Yabo ne da kawar da zance zuwa wani wuri, kuma sukan yi yawa daidai lokacin da wani abu ya taso da zai iya tara jama'a. Don haka ranar da wani cece-ku-ce marar tushe ya mamaye Facebook da X, koma ka duba me majalisa ta zartar ko wa aka naɗa a wannan makon.

Wajen ƙaryata labari, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko hoton ƙaryar a yaɗa da rubutun "wannan ƙarya ce" a ƙasa. An ƙara mata maimaici ke nan. Fara da gaskiyar, ambaci ƙaryar sau ɗaya a taƙaice, bayyana yadda aka ƙulla ta (tsohon hoto ne, an yanke bidiyo, muryar ba ta da suna ko wuri ko rana), sannan ka rufe da gaskiyar. Idan dattijo ne ya turo a zauren WhatsApp na dangi, kada ka ƙaryata shi a gaban 'ya'yansa. Bi shi ta gefe: "Baffa, na ga saƙon nan, na bincika sai na tarar hoton na wata ƙasa ne, ga inda ya fito." Wanda aka kunyata a bainar jama'a kare kansa zai yi, ba gyara ba.

Mataki na 5: Kada taron jama'a ya ruɗe ka

A gwajin masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch na farkon shekarun 1950, an zaunar da mutum cikin wasu da aka haɗa baki da su, aka nuna musu layuka a kati, aka ce su faɗi wanda tsawonsa ya yi daidai da wani. Amsar a fili take. Amma da sauran suka haɗu a kan amsar kuskure, kusan kashi ɗaya bisa uku na amsoshin waɗanda ake gwadawa suka bi su. Da aka sa mutum ɗaya tak a cikin rukunin ya faɗi gaskiya, bin kuskuren ya faɗo zuwa kusan rubu'in yadda yake. Wannan sakamako na biyun shi ne ya bayyana dalilin da mai kama-karya yake kashe kuɗi wajen nuna cewa kowa na tare da shi, yake kuma fara hukunta wanda ya fara buɗe baki fiye da girman laifinsa.

Ƙasashenmu sun ga wannan da idonsu. A Maris na 1998 aka tara jama'a a Abuja a gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu, ana roƙon Janar Sani Abacha ya zarce, kuma zuwa Afrilu duk jam'iyyu biyar da aka yi wa rajista sun tsayar da shi ɗan takararsu. Ya rasu ranar 8 ga Yuni, kiran ya ɓace kamar ba a yi ba. A Nijar, Mamadou Tandja ya kafa hujjar tazarcensa da cewa talakawa ne suka nema don ya ƙarasa ayyuka. Ya rusa majalisar dokoki a Mayun 2009, ya rusa kotun tsarin mulki a Yuni bayan ta ƙi amincewa, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, hukuma ta ce sama da kashi 92 sun amince. A Romaniya ma babban taron jam'iyya ya sake zaɓen Shugaba Nicolae Ceaușescu a Nuwamban 1989 da tafi da sowa, ranar 21 ga Disamba taron da ya kira da kansa ya yi masa ihu, ranar 25 aka harbe shi.

In za ka auna gangami, tambayi wa ya kawo motoci, an rufe ofisoshi da makarantu ko a'a, an ɗauki sunayen mahalarta, nawa aka raba. Sannan tambayi ko an bai wa masu akasin ra'ayi izinin taro a wannan filin. Haka ƙuri'ar jin ra'ayi: inda sukar gwamnati ke jawo kamu, amsar da baƙo ya samu ta waya ba ta nuna abin da ke zuci.

Mataki na 6: Ja wa kanka layi tun ba a zo ba

Umarni ba ya aiwatar da kansa. Sai an sami magatakarda da zai buga takarda, jami'in zaɓe da zai sa hannu, edita da zai cire labari. A gwajin Stanley Milgram a jami'ar Yale a 1961, an sa mutane su riƙa danna wa wani maɓallin lantarki duk lokacin da ya yi kuskure (wutar ta bogi ce, amma ba su sani ba). Ana farawa daga ƙarfin wuta bolt 15, ana ƙara 15 kowane karo, har 450. Mutum 26 cikin 40 sun kai ƙarshe. Da an ce su fara da 450, da wuya su yarda. Ƙanƙantar tazarar ce tarkon, domin wanda ya danna 150 yana rasa hujjar ƙin 165. Da aka sa abokan aiki biyu suka ƙi ci gaba a gabansa, 4 kacal cikin 40 suka ƙarasa. Masu nazarin gwajin daga baya sun lura cewa tsawa da umarni tsagwaro su ne suka fi jawo turjiya. Mutane sun fi ci gaba idan aka gamsar da su cewa aikin na da manufa mai kyau. Ka fi yin hattara da mai ce maka "don ƙasa ne" fiye da mai zare maka ido.

Ma'aikaci ya rubuta wa kansa abubuwa biyu ko uku da ba zai yi ba ko me za a ce, misali sa hannu a sakamakon da bai ƙirga ba, ya kuma gaya wa abokin aiki ɗaya amintacce. Idan umarni mai shakku ya zo da baki, ya nemi a rubuce cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a taimaka a sa min a takarda don fayil." Yawancin irin wannan umarni a nan yake mutuwa. Ya kuma guji yin abin da ba a ma nema ba don gudun fushin na sama, domin yawancin labaran da ake cirewa babu wanda ya bugo waya a kansu.

Masu tattara sa hannun jama'a su ma su kiyaye. A Venezuela, sunayen mutane sama da miliyan biyu da suka nemi a yi wa Chávez kiranye sun fita a intanet ta hannun ɗan majalisa Luis Tascón, mutane da dama kuma suka rasa aiki ko kwangila. Kada a karɓi bayanin da ba a buƙata, kuma a san a hannun wa jerin zai kwana.

Mataki na 7: Inda masu turjiya suke yin tuntuɓe

Na farko shi ne a kira kowace manufa mai zafi kama-karya. Ƙarin haraji ko cire tallafi na iya zama zalunci ko kuskure, amma tambayar kundinka dabam ce: shin har yanzu ana iya kayar da masu mulki a zaɓe, a kai su kotu, a soke su a rediyo? Wanda ya yi ta ihu a kan komai, ranar da abin ya zo babu mai waiwayarsa.

Raina magoya bayan gwamnati shi ma kyauta ce ga mai mulki, domin labarinsa tun farko shi ne 'yan boko sun raina talaka. Yawancin masu binsa suna da ƙorafi na gaskiya a kan tsaro ko tsadar rayuwa ko wulaƙancin da suka sha a hannun na baya. A fara daga ƙorafin.

Ƙaurace wa zaɓe kuwa sau da yawa yana barin fili ne kawai. 'Yan adawar Venezuela sun janye daga zaɓen majalisa na Disamban 2005, ɓangaren gwamnati ya kwashe duka kujeru 167, ya yi shekara biyar yana naɗe-naɗe babu mai tankawa. A Gambiya akasin haka aka yi a 2016: jam'iyyun adawa suka haɗu a bayan Adama Barrow, suka kayar da Yahya Jammeh bayan shekara 22. Kiran sojoji su kawo ɗauki ya fi duka haɗari, don wanda ya zo da bindiga babu mai hana shi. Masu bincike Erica Chenoweth da Maria Stephan sun bi gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka ga waɗanda ba su ɗauki makami ba sun yi nasara a kusan kashi 53, masu makami a kusan kashi 26, musamman saboda na farkon sun fi tara jama'a, sun kuma fi sa jami'an gwamnati da na tsaro su janye goyon baya.

Inda hukuma ta tsaya, a mara mata baya nan take, da sunanta. A Fabrairun 2024 majalisar tsarin mulkin Senegal ta soke ɗage zaɓen da Macky Sall ya yi, aka yi zaɓen ranar 24 ga Maris. A Najeriya, muhawarar tazarcen Obasanjo a majalisar dattawa an nuna ta kai tsaye a tashar AIT, sanatoci suka riƙa tashi suna magana mutanen mazaɓunsu suna kallo, kuma ranar 16 ga Mayun 2006 ƙudirin ya faɗi. Saboda haka duk lokacin da gyaran tsarin mulki ko dokar tsaro ta zo gaban majalisa, buƙatar farko da za a gabatar ita ce a yi zaman a fili, a kira sunan kowane ɗan majalisa ya faɗi matsayinsa, a buga jerin a manna a mazaɓarsa.